Aman Teku, Baƙon Da Ba Ya Kankaruwa

A watan Disamba na 2001 wasu 'yan nutso suka shiga ƙarƙashin wani jirgin dakon kaya marar inji da ke ɗaure a Shakespeare Bay, daf da garin Picton a ƙasar Niyu Zilan. Sunan jirgin Steel Mariner, kuma ya yi watanni a wurin ba ya aikin fari balle na baƙi. Abin da suka tarar a gindinsa ba su saba gani ba. Wani abu ne mai launin kunun gero da ya kwana ya yi fata, ya lulluɓe ƙarfen jirgin, sannan ya sako jeloli suna reto a cikin ruwa kamar kakin kyandir da ya narke ya daskare a hanya. Wasu jelolin sun tsinke sun faɗa ƙasan teku, sun kama can, suna ci gaba da yaɗo abinsu. Da aka ƙiyasta nauyin wanda ke jikin jirgin nan kaɗai, ya haura tan guda.

Da a ranar aka yi abin da ya kamata, da labarin bai cika shafi ɗaya ba. Jirgi ɗaya ne, a lungu ɗaya na teku. Amma sai aka buɗe muhawara: wannan abu ɗan gida ne ko baƙo? A 2002 masaniyar nan ta Ostireliya, Patricia Kott, ta bayyana shi a matsayin sabon nau'i, ta raɗa masa suna Didemnum vexillum, bisa samfurin da aka ɗebo a Whangamata, aka kuma ɗauka ɗan asalin ƙasar ne da ya sami sarari ya bunƙasa. To, in ɗan gida ne, kuɗin wa za a kashe a kansa? Kafin a gama ja-in-ja ya haye ginshiƙan tashar, ya kama wasu jiragen da ke kusa, su kuma suka ɗauke shi suka yi gaba. Sai a 2003 aka tashi haiƙan, aka naɗe ginshiƙai da leda, aka zuba magani, aka rufe ƙasan teku. Ihu ne bayan hari. Ya riga ya kama hanyar gonakin makankari na Marlborough Sounds, inda ake rataye igiyoyi a cikin ruwa ana kiwon makankarin nan mai koren baki da ƙasar ke fitarwa duniya tana samun maƙudan kuɗi. A 2006 masu gonakin suka sake yunƙurawa da kuɗin aljihunsu, suka yi shekara biyu suna fama, suka haƙura. Yana nan har gobe.

Duk inda ya sauka, sunan raini ake ba shi. Wasu su ce aman teku, wasu aman dutse, masu ɗan kara kuma su ce dardumar teku. Raina kama ka ga gayya. Wanda ya kalle shi da ido zai rantse gansakuka ce ko wata ƙazanta da ruwa ya koro, alhali dabba ce, kai, dubban dabbobi ne a cikin riga ɗaya.

Ka ɗago igiyar da ya kama ka taɓa shi. Ba ya yauƙi yadda sunansa ke nunawa. Yana da ɗan tauri kamar jiƙaƙƙiyar fata, a jikinsa kuma akwai ɗigo-ɗigo birjik kamar an bi shi da tsinin allura, da wasu layuka masu duhu da suka ratsa shi kamar jijiyoyin bayan hannu. Ka sa madubin ƙara girma. Kowane ɗigo baki ne, kowane baki kuma na wata 'yar halitta ce da tsawonta bai wuce milimita ɗaya zuwa biyu ba, tana da maƙoshinta mai kama da rariya, da hanjinta, da zuciyarta. Tana zuƙo ruwa ta bakin, ta tace ƙananan tsirran da ke cikinsa ta haɗiye, sannan ta tura ragowar cikin waɗancan layukan masu duhu, waɗanda su ne magudanar gida: kowa da tukunyarsa, amma makwararar ruwa ɗaya ce. Rigar da ta haɗa su an saƙa ta ne da irin sinadarin da ke cikin auduga da itace, abin da babu wata dabba a duniya da ke iya yi sai 'yan wannan dangin. An cusa mata ƙananan duwatsun alli masu siffar taurari, fatarta kuma tana ɗauke da asid. Shi ya sa kifi ba ya kwaɗayinta, 'ya'yan sauran halittu kuma ba sa son sauka a kanta. Zuciyar ma abin kallo ce: ta buga jini ya yi gabas na ɗan lokaci, ta tsaya, ta juya ta buga shi ya yi yamma.

Amma ba a nan abin mamakin yake ba, yana cikin ɗansa.

Kowace 'yar halitta a cikin rigar mata-maza ce, tana yin ƙwai tana yin maniyyi. Ƙwan da ya kama ba a zubar da shi cikin teku. A cikin rigar ake renonsa har ya isa fita. Ranar da ya fito, in ka gan shi a madubi sai ka ce ɗan kwaɗo ne mai wutsiya, sai dai bai kai girman ƙwayar riɗi ba. A cikin wutsiyar akwai wata sanda mai lanƙwasuwa, a samanta kuma akwai laka, a gaba akwai 'yar ƙwaƙwalwa. A jikin ƙwaƙwalwar akwai baƙaƙen ɗigo biyu: ɗaya ido ne da ke bambance haske da duhu, ɗayan ɗan dutse ne da ke gaya masa ina ne sama, ina ne ƙasa. A 1866 ne masanin Rasha Alexander Kowalevsky ya fara lura da wannan, ya girgiza malaman zamaninsa, domin kafin nan ana lissafa irin waɗannan halittu ne tare da makankari da dodon koɗi. Sandar nan da lakar nan, iri ɗaya ne da waɗanda ke fara bayyana a jikin ɗan tayin kifi, da na tsuntsu, da na akuya. Saboda haka yau masana na ajiye aman teku a babban rukuni ɗaya da masu ƙashin baya, kuma a cikin duk halittun da ba su da ƙashin bayan, su ne mafi kusa da su a dangantaka.

Ƙwaƙwalwar ba wata babba ba ce. A 2016 wasu masana a Jami'ar Dalhousie ta Kanada suka zauna suka ƙirga ƙwayoyin jijiyar ɗan wata 'yar'uwarsa mai suna Ciona, mai zaman kaɗaici, ɗaya bayan ɗaya, suka sami 177 a ƙwaƙwalwa da laka baki ɗaya. Na ɗan Adam sun kai biliyan 86. Amma 177 ɗin nan sun ishe shi, don aiki ɗaya tak aka ɗora masa: ya zaɓi wurin zama. Ba ya cin abinci, da guzurin da uwa ta ba shi yake iyo, kuma guzurin na 'yan sa'o'i ne, in ya yi tsawon rai ya kwana ɗaya ko ya ɗan ɗara. Da fari yakan yi sama wajen haske, ruwa ya ɗan ja shi nesa da gida. Daga baya sai ra'ayinsa ya juya, ya koma neman inuwa, wuri mai tauri, ƙarƙashin wani abu. A teku yadda Allah ya halicce shi, irin wannan wuri kaɗan ne: ƙarƙashin dutse, bakin kogo, kuma duk akwai masu shi. Mu ne muka zo muka cika gaɓar teku da inuwa. Gindin jirgi inuwa ne. Ƙarƙashin dandamalin da ke yawo a kan ruwa inuwa ne. Ginshiƙin gada, kejin kifi, kwandon kawa, igiyar makankari, tsohuwar tayar da aka rataye a jikin tasha don kada jirgi ya gogu, duk masauki ne da muka share muka shimfiɗa masa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mu kuwa ba tsaga muka bar masa ba, ɗaki muka gina.

In ya sami wurin, sai ya kafa goshi. Yana da 'yan nonna uku a gaba masu fitar da danƙo, ya manne da su, shi ke nan, tafiya ta ƙare har abada. Cikin ɗan lokaci wutsiyar ta tattare ta shige jiki, sandar ta wargaje, idon ya mutu, jikin ya juya, baki ya buɗe. Daga nan ne aka samo barkwancin da malaman jami'a ke yi wa junansu a Turai da Amurka, wai halittar nan da zarar ta sami gurbin dindindin sai ta cinye ƙwaƙwalwarta, kamar malamin da aka tabbatar wa kujerarsa. Abin dariya ne, amma ba daidai ba ne, kuma ina ganin irin wannan barkwanci na cikin abin da ke sa a yi sake da ita. Gaskiya ne jijiyoyin iyo da na gani suna rushewa, tunda aikinsu ya ƙare. Amma binciken da aka yi a Japan ya nuna wani ɓangare na tsohuwar ƙwaƙwalwar yana saura, daga shi ake gina sabuwa: ɗan ƙulli guda na jijiyoyi da ke zaune tsakanin ƙofar shigar ruwa da ta fitarsa, yana lura da buɗewa da rufewa, yana sa jiki ya tsuke in an taɓa shi, yana tsayar da zuƙar ruwa in ruwan ya gurɓace. Ba ta zubar da hankalinta ba, ta sauya na matafiyi da na mazauni ne. A wurin Ciona ma, in aka yanke ƙullin nan aka cire, wani ke tsirowa.

Daga wannan halitta guda ɗaya, wadda ba ta kai kan ashana ba, dardumar ke farawa. Ba sai ta jira aure ba, toho take yi. Yadda 'yan wannan gida ke tohon ma abin a tsaya a duba ne. Jikin kowace ɗaya kashi biyu ne, sama da ƙasa: saman na ɗauke da baki da maƙoshi da ƙullin jijiya, ƙasan na ɗauke da hanji da zuciya. Sai ta tsiro da sabon sama da sabon ƙasa daga ƙugunta, sannan a yi musaya, tsohon sama ya tafi da sabon ƙasa, sabon sama ya zauna da tsohon ƙasa. Ɗaya ta zama biyu, kuma ba ka iya nuna wace ce uwa, wace ce 'ya. Biyu su zama huɗu. Cikin damina ɗaya ta ƙasashen sanyi, abin da ya fara kamar ɗigon tawada ya zama faifai, faifai ya zama tabarma.

Akwai wata 'yar'uwarsa, Botryllus schlosseri, mai zama cikin tsarin taurari masu ban sha'awa, wadda masanan Jami'ar Stanford suka shafe shekaru suna kiwo a kan gilashi kusa da Monterey. Ita duk mako manyanta ke mutuwa gaba ɗaya, har da ƙwaƙwalensu, 'ya'yan toho su maye gurbi da sababbi, gidan kuwa ya ci gaba da rayuwa shekara da shekaru. Likitocin da ke binciken lalacewar ƙwaƙwalwa a tsufa na ganin akwai darasi a nan, Allah ya ba su sa'a. Amma ga mai yaƙi da irin wannan halitta, darasin daban ne, kuma mai ɗaci: abokin gabarka ba shi da kan da za ka sare. Maciji in ka fasa kai ka gama. Wannan kuwa kowane ɗan yanki kamar farce yana da nasa kawunan, da zukatansa, da hanjinsa, wani lokacin har da 'ya'yan da ke jiran fita.

Sannan ga wani ƙarin tashin hankali. A can garinsu, in darduma biyu suka haɗu baki da baki, sukan gane juna: in jini ɗaya ne su haɗe, in ba haka ba kowa ya ja iyakarsa, wannan ya tare wa wancan hanya. Binciken ƙwayoyin gado ya nuna garin nasu Japan ne, ba Niyu Zilan ba, inda yake zaune da ladabinsa a cikin sauran halittu ba wanda ya damu da shi. Amma waɗanda suka yi ƙaura 'yan tsiraru ne, zuriyarsu kuma duk kusan jini ɗaya. Wani bincike da aka buga a 2012 ya gwada na Japan da na Niyu Zilan, ya tarar na Niyu Zilan sun fi saurin haɗewa nesa ba kusa ba. Ke nan a baƙon wuri ba sa faɗa da juna. Duk inda suka haɗu sai su zama abu guda.

Yanzu a dawo kan lissafin da nake so kowa ya riƙe. Halittar da ɗanta ke iyo na 'yan sa'o'i, babbarta kuma ba ta motsi, da ƙafarta ba za ta wuce 'yan ɗaruruwan mitoci a zuriya guda ba. Ta yaya ta tsallaka tekun Pasifik? Ta yaya aka gan ta a Holan a 1991, a mashigin San Francisco a 1993, a Malahide ta ƙasar Ailan a 2005, a Holyhead ta yankin Wales a 2008, a Largs ta Sikotilan a 2009, a Sitka ta Alaska a 2010, sannan a tafkin Venis na Italiya da bakin kogin Ebro na Sifaniya? Goya ta aka yi. Ta hau gindin jiragen da ba a wankewa, musamman masu tafiyar hawainiya da masu daɗewa a ɗaure. Ta hau bayan irin kawa da ake saye daga wannan gona a kai waccan. Shekaru da dama ma ba a gane abu ɗaya ake fama da shi ba, kowace ƙasa da sunan da malamanta suka laƙaba masa, har sai wajen 2009 da aikin Gretchen Lambert da na Lauren Stefaniak da abokan aikinta ya tabbatar duk shi ne. Ɓarawo ɗaya, katin shaida goma.

Babban gargaɗina kuwa yana kan mutumin kirki ne, mai tsabta, wanda ya leƙa gindin jirginsa ya ga ƙazanta, ya ɗauko makankarin ƙarfe da burushi ya shiga ruwa ya kankare tas, ya fito yana jin ya yi aikin lada. Malam, shuka ka yi. Gwaje-gwaje sun nuna gutsuren da aka yanke yana iya sake mannewa cikin 'yan sa'o'i in ya sami wuri, in bai samu ba kuma yana iya yin makonni yana gantali a cikin ruwa da ransa. Ɗan da aka haifa yana da yini guda ya sami gida ko ya mutu. Gutsuren da ka kankaro yana da makonni. Ka ba shi abin da halittarsa ba ta ba shi ba. Gyaran gangar Auzinawa ke nan, kuma ana yin sa kullum a matsayar jirage da gonakin teku, da kyakkyawar niyya.

Wanda ke son ganin inda wannan ke kaiwa ya dubi Georges Bank, wani tudu a ƙarƙashin tekun Atlantika, gabas da Cape Cod a Amurka, ɗaya daga wuraren su mafi albarka a duniya tun ƙarnoni. A farkon shekarun 2000 masanan hukumar binciken ƙasa ta Amurka suka zura kyamara can ƙasa, zurfin mita 45 zuwa 60, suka ga aman teku a kan tsakuwa. Har zuwa lokacin ana ɗaukarsa matsalar bakin gaɓa ce. Cikin 'yan shekaru aka auna yankin da ya bazu a ciki, ya kai murabba'in kilomita 230, a wasu wuraren ya rufe fiye da rabin ƙasa. Tsakuwar nan ba banza ba ce: a kanta wasu kifaye ke zuba ƙwai, a tsakaninta 'ya'yan kifin kod ke ɓuya, a kanta kuma 'ya'yan makankarin nan mai kama da mafici ke sauka, wanda shi ya mai da New Bedford tashar su mafi kawo kuɗi a Amurka shekara da shekaru. Dardumar tana ɗinke tsakuwar ta zama daɓe guda. Jiragen su kuma suna jan manjagaran ƙarfe a ƙasan, suna yayyaga ta, suna ɗagowa, suna zubarwa a wani wurin. A zurfin mita hamsin, a tsakiyar teku, wa zai je ya naɗe murabba'in kilomita 230 da leda? Ba wanda ma ya kawo shawarar.

Zan faɗi gaskiya ko da za ta rage wa gargaɗina kaifi. Ba ko'ina ɓarnar ta kai yadda aka yi hasashe ba. A Niyu Zilan sana'ar makankari ba ta durƙushe ba. Bincike ya nuna ƙananan makankari ne suka fi jin jiki, manya na jurewa. A Georges Bank wasu tsutsotsi ma sun ƙaru a ƙarƙashin dardumar. Masu son a yi shiru suna riƙe da wannan suna cewa an cika kururuwa. Amsata gare su ita ce, su tambayi mai gonar da ke biyan leburori suna tsoma kwanduna a ruwan daɗi, suna shanyawa, suna sake tsomawa, shekara bayan shekara, haraji ne da ba ranar daina biyansa. Su kuma tuna cewa ba wanda ya san tun farko wane mashigi ne zai jure, wane ne zai shaƙe. In ka yi kuskure wajen tsoro, ka yi asarar kuɗin wanki. In ka yi kuskure wajen sakaci, ba ka da hanyar komawa.

Holyhead ce shaidar wannan. Da aka gan shi a matsayar ƙananan jiragen garin a 2008, hukumar kula da muhalli ta Wales ba ta yi irin jinkirin Picton ba. Daga 2009 aka tura 'yan nutso cikin ruwan hunturu mai yankan jiki. Kowane dandamali mai yawo a kan ruwa suka sa shi cikin wata ƙatuwar jakar leda da aka ɗinka daidai da shi, suka ɗaure baki, kowace sarƙa suka naɗe ta kamar mai ɗaurin karaya, suka zuba hodar kulorin a ciki, suka bari ruwan ya ruɓe, komai ya mutu. Aikin ya yi kyau, har aka fara murna. Ba a daɗe ba aka sake duba wurin, sai ga ɗigo-ɗigo sun dawo. Wani lungu da ido bai kai ba, wani gutsure kamar ƙwayar shinkafa, ya isa. Aka sake sabon zagaye, aka sake kashe ɗaruruwan dubban fam. Wannan fa ƙaramar matsaya ce guda ɗaya, a ƙasa mai kuɗi da masana, kuma an farga da wuri.

Abin takaici, dokar duniya ta bar ƙofar a buɗe. Hukumar sufurin teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi yarjejeniya a 2004 kan ruwan da jirage ke ɗura wa cikinsu don daidaita nauyi, ta fara aiki a watan Satumba na 2017, dole ne kowane babban jirgi ya tace ruwan kafin ya zubar. Madalla. Amma abin da ke manne a bayan jirgin fa? Shi sai shawarwari aka rubuta a 2011, aka sabunta a 2023, wanda ya ga dama ya bi. An kulle taga an bar ƙofar zaure. Fentin nan mai guba na TBT da ke hana komai kama jirgi an haramta shi tun 2008, kuma haramcin daidai ne, don ya nakasa kawa da dodon koɗi a gaɓar ƙasashe da yawa; amma cire shi ya ƙara wa wanki da dubawa muhimmanci, su kuwa ba a tilasta su ba. Niyu Zilan, da yake wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, ta kafa tata dokar daga watan Mayu na 2018: jirgin da zai shigo ruwanta sai ya zo da gindi mai tsabta da takardar shaida. Ta sha hana manyan jiragen yawon buɗe ido, da dubban fasinjoji a ciki, shiga wasu wurarenta saboda wannan. Fasinjoji sun yi ta ƙorafi. Ni kam ban ga laifinta ba.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi zai ce, ina ruwan biri da gada? Shi wannan nau'in ɗan ruwan sanyi ne, ruwan Legas da Kwatano da Tema ya yi masa zafi, ba zan tsorata kowa da ƙarya ba. Amma yana da ɗan'uwa fari mai son ɗumi, Didemnum perlucidum, wanda ya addabi gonakin makankari a kudancin Barazil, ya kuma bayyana a yammacin Ostireliya a 2010, har ya sauka daga jikin tasha ya hau ciyawar teku. Hanyar tafiyarsu ɗaya ce, jiragen da ke kawo mana shinkafa da taki da motoci kuma, da dandamalan haƙar mai da ake ja daga wannan nahiya zuwa waccan, duk a cikin tekunan nan suke yawo. Kuma mun san irin wannan labari a ruwan daɗi. Kainuwar nan mai shuɗin fure, 'yar asalin Kudancin Amurka, da ta shigo ruwan Legas a 1984, ba da ƙafarta ta tsallako teku ba, mutane ne suka yi ta yawo da ita a duniya don ƙawa. Ita ma gutsurenta kamawa yake yi. Masuntan Kainji da na Yamai sun san sauran bayanin. Kainuwa dashen Allah ce a bakin masu kirari, amma waccan dashen mutum ce.

Saboda haka ga mai jirgi, babba ko ƙarami, da mai gonar kawa, da jami'in tasha, da ɗalibin da zai zama ɗayansu gobe: kada a kankare gindin jirgi a cikin ruwa. A fito da shi tudu, a wanke, a tattara abin da ya zubo a kai juji, ruwan wankin ma kada ya koma teku. Igiya da raga da kwando da anga, a jiƙa su a ruwan daɗi ko a shanya su su bushe ƙayau kafin a kai su wani ruwan. Halittar nan da ta gagari hukumomi ba ta jure rashin gishiri, ba ta jure rana. Kada a sayi irin kawa daga mashigin da aka san ya kamu, kome arharsa. Jirgin da ya yi watanni a ɗaure, kada a kwance shi sai an leƙa ƙarƙashinsa, har ramin farfela da bututun shan ruwa, inda fenti ba ya kaiwa. In kuwa an ga wani abu da ba a gane ba, a ɗauki hoto, a yanki kaɗan a sa a kwalba, a kai wa masana a yau, kuma a killace wurin tun kafin amsa ta dawo. Gardamar ɗan gida ne ko baƙo, a yi ta bayan an ɗaure jirgin a tudu.

A farkon watan Maris na 2018 guguwar da aka sa wa suna Emma ta afka wa Holyhead da iskar gabas, ta ɓangaren da katangar tashar ba ta karewa. Kafin gari ya waye matsayar jiragen nan da aka sha wahalar naɗewa da leda ta zama tarihi. Jirage kusan 80 suka nutse ko suka farfashe a kan duwatsu. Dandamalan suka tarwatse, farin soson da ke cikinsu ya fashe ya watsu a kan ruwa kamar an zazzage buhunan auduga, ya bi gaɓar tsibirin Anglesey mil bayan mil. Mutanen gari suka fito da buhuna don taimakawa, hukuma kuwa tana ta jan kunne a kula da inda ake kai tarkacen, domin ba wanda zai iya cewa wane guntu ne ke ɗauke da ɗigo mai launin kunu a ƙarƙashinsa. Wanda aka iya tsincewa aka tsince. Sauran, igiyar ruwa ta yi gaba da shi.